Ciwo ba ya son shan iska

'Yan uwana mahautan Oko-Oba, da 'yan dakon Mile 12, da 'yan acaban da salansa ke ƙona wa ƙafa, da ku nake. Yadda muke yi wa rauni a garin nan na Legas yana damuna. Wuƙa ta yanki mutum, sai a zuba masa man birki ko toka ko gishiri, a ce ya bar wurin a buɗe ya sha iska. Wallahi wannan jinkirta warkewa yake yi.

Jiki ya san aikinsa. Da an yanke, jini yake daskarewa ya toshe wurin. Cikin sa'o'i fararen ƙwayoyin jini su iso su kashe ƙwayoyin cuta. Bayan kwana 2 zuwa 3 wasu manya da ake kira makurofaj su karɓi aikin, su share mataccen nama, su aika saƙon sinadarai cewa a fara gini. Sai ƙwayoyin faiburobulas su shimfiɗa kolajin, wato zaren da ke riƙe nama, sababbin jijiyoyin jini su tsiro. Jan naman nan mai gudaji-gudaji da kake gani a ciwo, shi ke nan, kuma alheri ne.

Sai fata. Ƙwayoyinta daga bakin ciwon suke rarrafowa zuwa tsakiya, kuma danshi suke bi. In wurin ya bushe ya yi ɓawo, dole su kutsa ta ƙarƙashinsa kamar mai haƙa a ƙasar rani. A 1962 George Winter ya gwada wannan a Ingila a jikin aladu: raunin da aka rufe ya riƙe danshi ya kusa ninka wanda aka bari a buɗe saurin yin fata. Sifirit da haidurojin mai kumfa da ake tuttulawa kullum kuwa, har waɗannan ƙwayoyi masu gini suke kashewa. Raɗaɗin da kake ji ba shaidar magani na aiki ba ne.

A wanke da ruwa mai tsabta, a shafa basilin kaɗan, a rufe da bandeji, a riƙa canzawa. Ƙuna kuma a sakar mata ruwa mai sanyi na minti 20, ban da ƙwai da man goge baki. In yankan ya yi zurfi ko ya taɓa datti, a je a yi allurar rigakafin tetanus.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne dattijo mai ciwon suga. Jijiyoyin ƙafarsa sun mutu, ƙusa ta soke shi bai ji ba. Jini ba ya isa wurin sosai, makurofaj sun maƙale a matakin farko na kumburi sun kasa komawa gini, gyambo ya zauna wata da watanni. Baba, in ƙafarka ta yi sati ba alamar warkewa, ko tana wari, ko ta fara baƙi, kada a tsaya kemis. Asibitin koyarwa na Idi-Araba yana nan cikin unguwar mutanenmu, ku sa yara su kai ku yau.