Sassauta tsirkiya ba laifi ba ne: yadda tsofaffin makaɗan rock ke riƙe sautinsu

A Landan aka kafa The Rolling Stones a 1962, kuma a 2024 sun yi rangadin manyan filayen wasa a Amurka da Kanada, jagoran mawaƙansu Mick Jagger yana da shekara 80. Masu kallo kan fito suna cewa sautin yana nan kamar jiya. Gaskiyar magana, jikin da ke samar da sautin ya canza, kuma aiki ne mai yawa ake yi a bayan dandali don kunnen mai sauraro kada ya gane. A ganina yawancin wannan gyaran halas ne, kuma duk ƙungiyar da ta ƙi yin sa ita ke fara lalacewa.

Kunne ne ke fara tafiya. Bisa ma'aunin NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, mutum zai iya jure ƙarar desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 8, amma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. A desibel 100 saura minti 15 kacal, alhali wasan rock kan kai awa biyu a kusan wannan ƙara ko sama da ita. Illar ba ta tsaya ga kurumta ba. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, musamman wajen haz 4,000 (haz shi ne ma'aunin siranta ko kaurin sauti), sai mai jita ya ji kamar kiɗansa ya dushe ya ƙara masa kaifi a amfilifaya, jama'a kuwa su ji yana sukar kunne. Mawaƙin da ba ya jin kansa kuma sai ya riƙa matsa wa maƙogwaro. A 2016 likitoci sun gargaɗi Brian Johnson na AC/DC cewa zai iya kurmancewa gaba ɗaya, dole ya bar rangadi a tsakiya. Pete Townshend na The Who ya daɗe yana fama da ƙugin kunne. Maganin da aka samu shi ne 'yar na'urar da ake ƙera wa kowa daidai da ramin kunnensa, tana toshe hayaniyar dandali tana kawo masa abin da yake buƙatar ji kawai. Amma akwai kuskuren da ake yawan yi: a cire ta kunne ɗaya don a ji ihun jama'a, sai a ƙure ƙarar ɗayan, an gudu ba a tsira ba.

Sai murya. Da shekaru suka ja, tantanin murya kan yi siriri ya rage laushi, sautukan sama su fara gagara. Nan ne ake sauke waƙa da rabin mataki ko mataki guda. Metallica sun daɗe suna kaɗa tsofaffin waƙoƙinsu a dandali da jita da aka sassauta rabin mataki, Led Zeppelin ma sun sauke wasu waƙoƙi a wasansu na zauren O2 a Landan a 2007. Wasu masoya na ɗaukar wannan gazawa. Ni ban yarda ba: waƙar da aka rubuta wa maƙogwaron ɗan shekara 25 ba dole ta zauna a inda take ba don kawai faifai ya riƙe ta a can. Sai dai saukewar tana da farashi. Tsirkiya ta saki, don haka sai a koma mai kauri, misali daga lamba 9 zuwa 10 ko 11, a sake daidaita ƙarfen da ke cikin wuyan jitar da tsawon kowace tsirkiya, in ba haka ba sautin saman wuya ya kauce. In aka sauke fiye da kima kuma, jita da bes (jita mai kaurin sauti) su cakuɗe kiɗan ya zama taɓo. Ragowar dabarun na tsari ne: ɗumama murya kafin hawa, kada a jera waƙoƙi masu wuya, a bar wa mai jita fili mawaƙi ya numfasa, a sa kwana ɗaya ko biyu tsakanin wasanni. Duk da haka ba kullum ake tsira ba. Steven Tyler, mawaƙin Aerosmith, ya ji rauni a maƙogwaro a 2023, ƙungiyar ta sanar da daina rangadi a 2024.

Kayan kiɗa su ne masu sauƙi, in akwai ƙwararren mai kula. Ana canza tsirkiya kusan kowane wasa saboda gumi na kashe ta, ana ajiye jita a danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari don kada katakon ya tsage, ana sauya ƙwayayen gilashin amfilifaya idan sun gaji. Brian May na Queen har yau yana kaɗa jitar da suka ƙera da mahaifinsa a farkon shekarun 1960, da tsohon sisin Ingila a madadin abin kaɗawa.

Abin da kuɗi ba ya saye shi ne hannu. Keith Richards na The Rolling Stones yakan cire tsirkiya ta shida ya ɗaure biyar ɗin a kan sautin G, daga nan salonsa ya fito. Tony Iommi na Black Sabbath ya rasa kan yatsu biyu a masana'anta yana ɗan shekara 17, ya yi musu 'yan huluna, ya koma tsirkiya mara kauri ya sassauta ta, sai ga nauyin sautin da aka san ƙungiyar da shi. Shi ya sa maye gurbi ke da haɗari, kuma masu hankali kan ɗauko na gida: Stevie Young ya gaji baffansa Malcolm a AC/DC, Steve Jordan wanda ya daɗe yana aiki da Richards ya hau gangunan Charlie Watts a The Rolling Stones a 2021.

Inda nake ja da baya shi ne muryar da aka naɗa tun a situdiyo. A sa sautin goge ko na amshi daga kwamfuta, ba matsala, tunda ba kowa ke iya yawo da makaɗa arba'in ba. Amma a kunna muryar jagoran mawaƙa yana motsa baki, wannan sayar wa mai tikiti abin da bai biya ba ne. A watan Yulin 2025 Ozzy Osbourne, mawaƙin Black Sabbath, ya yi wasansa na ƙarshe a filin wasa na Villa Park da ke Birmingham a zaune kan kujera, cutar Parkinson ta hana shi tsayuwa, muryar na rawa a wasu wurare, kuma tasa ce.