Ranar da na miƙe wa Lumumba tsaye

A fadarmu ta Birni "Mushe Tarihi" (wato Malam Tarihi) ake kirana, ba don na taɓa riƙe alli ba, sai don bakina ba ya gajiya da zuba shekaru. Ka ce juyin mulkin farko a Nijar, in ce 15 ga Afrilu 1974. Ka ce babban taron ƙasa, in ce 1991, har in ƙara maka gyara cewa André Salifou da ya shugabance shi ɗan Damagaram ne.

Ran Juma'a bayan la'asar, muna jiran shayi na biyu, ƙanen abokina ya fiddo salula ya ce, "Yaya, ina da tsofaffin jawabai. In kunna ka faɗi mai magana. Duk kuskure, kilishin jika guda." Na gyara zama na ce ya shirya kuɗinsa.

Na farko ya fara da shuuu irin ta tsohuwar rediyo, ga Faransanci, ga maganar ƴancin kai. Ban jira komai ba na miƙe tsaye, na dafe ƙirji, har da ɗan rawar murya na ce, "Shugabanmu na farko Jori Hamani ne, 3 ga Agusta 1960!" Yaron ya bar ni a tsaye sai da ƙafata ta fara sanyi, sannan ya juyo mini da fuskar salula. Patrice Lumumba ne na Kwango, ranar 30 ga Yuni 1960, yana zazzage wa Baljiyam cin mutuncin da ta yi musu, sarkinta na zaune yana ji. Na ce ai shekarar dai na samu. Aka ce ba shekara ake ci da kilishi ba.

Na biyu kuwa kafin in buɗe baki aka riga ni. Akwai wani dattijo mai gadin gidan da ke kallonmu, wanda ya yi aikin masinja a ofishin gwamnati da ƙuruciya, yana kishingiɗe kan tabarma yana gyangyaɗi. Kalma uku ba a yi ba ya zabura, ya gyara hula, ya duba tsintsiyar hannunsa, alhali rabonsa da agogo ya fi shekara ashirin.

"Kunce ne," in ji shi, yana nufin Seyni Kunce, tsohon shugaban mulkin soja. "Ku kashe."

Na ce, "Baba, ai kai ba ka jin Faransanci."

Ya ce, "Ɗana, mutumin da ke dirar wa ofisoshi da sassafe ba sanarwa yana duba wanda ya makara, sai ka ji Faransanci za ka gane muryarsa? Cikina ne ya gane ta." Ni kuwa a zuciyata na riga na yanke cewa magajinsa Ali Saibu ne, kuma tsautsayi ya sa na faɗa da ƙarfi. Jika biyu.

Na uku murya ce mai zafi, ana ta dariya da tafi a zauren. Na ce wannan zafin sai Jibo Bakari na jam'iyyar Sawaba. Wani mai kabu-kabu da aka haifa bayan 2000 ya ce, "Haba Mushe, Sankara na Burkina ne a Addis Ababa, 1987, kan bashin Afirka. Kullum yana TikTok." Har ya fassara mana: in ba mu biya ba masu bin bashin ba za su mutu ba, in mun biya mu ne za mu mutu.

Da mai kilishi ya naɗe na jika uku ya miƙo hannu, na laluba aljihu na ji dala ɗari ce kaɗai. Na gyara murya na karanta masa maganar Sankara tiryan-tiryan. Ya saurara har ƙarshe, ya ce magana ta yi kyau, ya ɗauke takalmina ya sa cikin tirensa.

Yanzu in na biyo layin, yaran unguwa miƙewa suke yi su dafe ƙirji.