Ba kowane ƙaramin jirgi ne ke alkafura a sama ba

Wani labari da na karanta ya nuna cewa duk ƙaramin jirgin sama zai iya yin alkafura don nishaɗi, amma a ganina maganar tana bukatar gyara. Mu mutanen Zariya mun saba da ƙugin jiragen kwalejin horar da matuƙa, wadda aka kafa a 1964, suna shawagi a saman Palladan, sai dai yawancin jiragen koyon tuƙi ba don wannan wasa aka ƙera su ba. Jirgin alkafura, irin Extra 300 na Jamus, ana ƙarfafa fikafikansa su jure matsin da ya ninka nauyinsa sau 6 ko fiye, kuma ana yi masa tsarin mai na musamman domin kada injin ya mutu idan jirgin ya juya cikinsa sama. Shi kansa matuƙin, idan ya ɗago jirgin da ƙarfi, jini yakan gangara daga kansa zuwa ƙafafu, ganinsa ya dushe, wani lokaci har ya suma, shi ya sa ake koya masa ɗaure tsokar ciki da ta cinyoyi. A Amurka doka ta hana yin wasan a saman unguwanni ko ƙasa da tsayin ƙafa 1,500 daga doron ƙasa.