Bulalar bakteriya da darasin bin tartibi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwana na Kebbi da kewaye.

Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwalen inji a Yawuri ya san farfela ba ta da amfani sai an ɗaura ta a inji, shi ma injin sai ya zauna daram a gindin jirgi. To akwai wata halitta da ido ba ya gani, tsawonta kusan kashi 2 cikin 1,000 na milimita, wadda ke ƙera wa kanta inji da farfela don ta yi iyo. Ita ce bakteriya, irin su E. coli da Salmonella, dangin mai kawo taifot. Farfelar tata wata bulala ce mai sassa uku: gindi da ke kafe a bangon jikinta, wanda shi ne injin, da ƙugiya mai haɗa gindin da zare, da dogon zaren. A Salmonella ƙwayoyin gado, wato umarnin ƙira da halitta ke gada daga iyayenta, sama da 60 ne ke da hannu a wannan aiki, kuma ba a buɗe su lokaci guda. Hawa uku ne, kowane na jiran na gabansa.

A hawan farko ƙwayoyin gado biyu ne kacal, flhD da flhC. Su ke ba da umarnin ƙera furotin, wato kayan gini da aikin jikin halitta, masu suna FlhD da FlhC. Furotin huɗu na FlhD da biyu na FlhC suke haɗuwa su zama sarkin magina, mai ba da izinin fara aiki. Shi ma sai ya duba hali. Idan sukarin gulukos ya wadata, E. coli na rage ƙera bulala, domin aikin na cin kusan kashi 2 cikin 100 na ƙarfinta, kuma wanda abinci ke gabansa ba ya buƙatar tafiya cin rani.

A hawa na biyu ake ƙera zobban gindi, da sandar tsakiya, da ƙofar fitar da kaya, da ƙugiya. A nan ne abin mamakin yake. Cikin wannan hawan ake ƙera makullin hawa na uku, sunansa sigma 28, sannan a ƙera mai tsaronsa, FlgM, wanda ke rungume shi ya hana shi motsi. Makulli na nan a gida, amma babu halin buɗewa.

Wa zai ce gini ya kai? Akwai furotin FliK, igiyar awo ke nan. Ana turo shi jefi-jefi ta cikin ramin ƙugiya. Da ƙugiya ta kai kimanin nanomita 55 (nanomita ɗaya kashi 1 ne cikin miliyan na milimita), ƙarshen igiyar zai taɓa wani furotin mai suna FlhB a bakin ƙofa, sai ƙofar ta sauya irin kayan da take bari su wuce. Cikin kayan da ake fitarwa a lokacin har da mai tsaron nan, FlgM, wanda ake watsarwa waje ta cikin ginin da aka kammala. Masanin kimiyya Kelly Hughes da abokan aikinsa ne suka nuna haka a 1993. Ku lura da kyau: muddin gindi ko ƙugiya na da saura, FlgM ba shi da hanyar fita. Ginin da kansa ne ke shaidar cewa ya cika. Subhanallah.

Sai a lokacin sigma 28 ke samun sarari ya buɗe hawa na uku. A ƙera furotin zare, FliC, har kusan guda 20,000, kowane ya bi ta rami mai faɗin nanomita 2 ya je ya zauna can a ƙarshen bulala, ƙarƙashin wata hula mai suna FliD. A ƙera MotA da MotB masu juya inji, wanda a E. coli ke kai wa zagaye kusan 300 a daƙiƙa guda.

Masana sun gwada cire waɗannan sassa ɗaya-ɗaya. Idan babu FliK, ƙugiya ta yi ta tsawo babu tsayawa, zare bai fito ba. Idan babu FlgM, ana zuba furotin zare ko da babu gindin da zai karɓe shi. Idan babu hula, kayan su tsiyaye cikin ruwa a banza.

Allah Maɗaukaki Ya ce a Suratul Ƙamar, aya ta 49, lalle kowane abu Ya halicce shi bisa ƙaddara da ma'auni. Ban ce ayar ta sauka kan bakteriya ba, kuma bakteriya ba ta da hankali balle lada. Amma mu da aka ba hankali, ina namu tartibin? Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, cewa ya yi ya fara kiran su zuwa kalmar shahada; idan sun amsa, ya sanar da su salloli biyar; idan sun amsa, sannan zakka. Hadisin na cikin Buhari da Muslim. Kowane hawa an ɗaure shi da "idan sun amsa".

Abin da ke damuna shi ne yadda muke kwance makulli kafin ƙugiya ta kai. Matashi bai sauke Ahalari da Ishmawi ba, bai gyara alwalarsa ba, amma ga shi a Facebook yana kafirta malamai. Magidanci na shirin umara ta uku alhali mai shagon unguwa na bin sa kuɗin shinkafar bara. 'Yar'uwa na azumin Litinin da Alhamis, rankon Ramadan na wuyanta, Sha'aban kuma ya kusa. Wani ya raya dare da nafila, Asuba ta wuce shi yana barci. Duk alheri ne suke nema, ban musa ba, sai dai zare ne ake zubawa babu gindi.

Ɗan'uwa, yau bayan Isha'i ɗauki takarda ka rubuta sallolin da ake bin ka, da kwanakin azumi, da sunayen masu bin ka bashi da adadin kuɗin kowa. Ka fara da wanda ya fi daɗewa yana jira, ka kira shi gobe da safe ko da rabin kuɗin ne a hannunka.