Audugar Rashidov: wa ya yi ƙarya, wa ya sa aka yi ta?

Jam'iyyar Kwaminisanci ta Uzbekistan ta yi mulki daga 1925 zuwa 1991, amma duk lokacin da aka ambace ta, sunan mutum ɗaya ne ke fara zuwa baki: Sharaf Rashidov, wanda ya riƙe kujerar sakataren farko daga 1959 har rasuwarsa a watan Oktoban 1983. Bayan ya kwanta dama Mosko ta ce shi ne uban ɓarayi. Bayan samun 'yanci Tashkent ta ce gwarzo ne. A ganina duka hukuncin biyu na son kai ne, domin kowannensu ya kewaye ainihin mai laifin.

Tun asali jam'iyyar ba mai cin gashin kanta ba ce. Reshe ce ta babbar jam'iyyar Tarayyar Sobiyet, kuma yawanci akan turo Barashe daga Mosko a matsayin sakatare na biyu, ya zuba ido a kan na farko. A 1938 Stalin ya sa aka harbe shugaban jam'iyyar, Akmal Ikramov, tare da shugaban gwamnati Faizulla Khojayev. Duk wanda ya hau kujerar bayan wannan ya san ba a yi wa Mosko gardama.

Abin da Mosko ke so kuwa ɗaya ne: auduga. Kowace shekara sai a yanka wa jamhuriyar adadin da za ta kawo, kuma kullum ƙaruwa yake yi, har ya doshi tan miliyan 6. Aka karkatar da ruwan kogunan Amu Darya da Sir Darya zuwa gonaki, Tekun Aral ya soma janyewa. A garin Moynaq, inda a da ake kamun kifi, yau jiragen ruwa ne masu tsatsa kwance a kan yashi. Da kaka ta yi sai a rufe azuzuwa, a kwashi ɗalibai da malamansu zuwa tsinkar auduga.

Ƙasa ta gaji, gishiri ya hau gonaki, amma ba mai iya buɗe baki ya ce adadin ya fi ƙarfinsa. Sai aka koma noman takarda. Shugaban gonar haɗin gwiwa ya rubuta ya kai audugar da bai kai ba, manajan gidan gurza ya karɓi na goro ya ba shi rasit, a loda wa taragon jirgin ƙasa dattin auduga, can a masaƙun Rasha kuma wani ya karɓi rabonsa ya sa hannu cewa kaya sun iso lafiya. Baitulmalin Mosko ya biya kuɗin miliyoyin tan da ba a taɓa shukawa ba. Rashidov ya yi kama da hakimin da aka ɗora wa harajin da ƙasarsa ba ta iya biya: maimakon ya faɗa wa na sama gaskiya, sai ya koyi gyara lissafi, ya kuma ci moriyar gyaran.

Masu kare shi na cewa ai kuɗin bai tafi a banza ba. Suna nuna yadda aka sake gina Tashkent bayan girgizar ƙasar 1966, da jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 1977, na farko a tsakiyar Asiya. Gaskiya ne an yi waɗannan. Amma matar da ta wuni a duƙe cikin gonar da aka yi wa feshin guba ba a Tashkent take zaune ba.

Da Andropov ya karɓi mulki sai aka turo masu bincike, Gdlyan da Ivanov. An ɗaure dubban mutane, an yanke wa tsohon ministan sarrafa auduga hukuncin kisa, har surukin Brezhnev, Yuri Churbanov, ya sha ɗaurin shekara 12. An ma tone gawar Rashidov daga tsakiyar Tashkent. Jaridun Mosko suka riƙa zancen kamar cin hanci halin Uzbekawa ne, alhali waɗanda suka yanka adadin, suka kuma riƙa liƙa wa Rashidov lambobin yabo, suna zaune a Kremlin. Wannan wulaƙanci ne ya sa mutanen da suka sha wuya a gonaki suka koma jin tausayin mamacin.

Islam Karimov ya gane amfanin wannan fushi. Ya zama sakataren farko a 1989, a ƙarshen 1991 kuma aka sake wa jam'iyyar suna zuwa Jam'iyyar Dimokuraɗiyya ta Jama'a, da ofisoshinta da mutanenta yadda suke. Ya yi wa 'yan shari'ar auduga afuwa, ya wanke sunan Rashidov. Da haka aka rufe littafin ba tare da an tambayi tsarin da ya haifi ƙaryar ba, domin sabuwar gwamnati na buƙatarsa. Yanzu Tashkent ce ke yanka adadi, gwamnoni na matsa wa manoma, ana ci gaba da tura ma'aikatan asibiti da malamai gona. Sai a 2020, shekara huɗu bayan mutuwar Karimov, Shavkat Mirziyoyev ya soke tsarin ƙayyade adadin auduga, wato kusan shekara 30 bayan rushewar jam'iyyar da ake ɗora wa laifinsa.