Ku ƙyale yarinyar nan ta yi karatunta

Na ga abin da kuka yi wa yarinyar nan a ƙarƙashin hotonta, wallahi abin kunya ne. Ta samu gurbin karatun Rashanci, ta fito tana murna, sai ga manya masu digiri sun yi mata ca: "Me za ki yi da shi?" "Wa zai ɗauke ki aiki?" Haba jama'a!

Rashawa da maƙwabtansu fa sun san mu, mu ne ba mu san su ba. Tun 1963 aka buga ƙamus na Hausa da Rashanci a Mosko, ƙarƙashin jagorancin Dmitri Olderogge. Rediyon Mosko ta yi shekaru tana watsa shirye-shirye da Hausa. A Jami'ar Warsaw ta ƙasar Poland har gobe ana koyar da Hausa. A can Farfesa Nina Pawlak ta yi suna kan nazarin harshenmu, Farfesa Piłaszewicz kuma ya zauna ya bi rubuce-rubucen ajami na Alhaji Umaru na Kete-Krachi ta ƙasar Ghana, malamin da da yawa cikin masu yi wa yarinyar nan dariya ko sunansa ba su taɓa ji ba. Su suna karanta mu, mu muna yi wa mai son karanta su ba'a.

Wai Turanci ya wadatar. Ya wadatar a ina? Kamfanin Tarayyar Sobiyet aka ba kwangilar gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta a 1979. Yaranmu na zuwa Rasha karatun likita, da yawansu sai sun ba da shekara guda wajen koyon harshe kafin su shiga aji. A 2022 da yaƙi ya rutsa da ɗalibanmu a Kharkiv da Sumy na ƙasar Yukiren, a bakin iyakar Poland an ga ranar wanda ya iya magana da soja da harshensa.

Masu kawo zancen Putin kuma, ku ajiye shi gefe. Harshe ba na shugaba ba ne. Rashanci ma ɗaya ne cikin dangi, da harsunan Yukiren, Poland, Cek, Sabiya da Bulgeriya, duk tsatso ɗaya. Kuma ba karatun rago ba ne: haruffa 33 baƙi a idonka, kalmar suna ɗaya tana sauya wutsiya gwargwadon aikinta a jimla, har matsayi shida. Jami'o'in Legas da Ibadan sun daɗe suna koyarwa. Ƙanwata, ki dage, Allah Ya ba ki sa'a.

Ni burina ma wani ne. Tolstoy, marubucin Rasha, yana da littafi kan Hadji Murat, jarumin Musulmin Kaukasus na zamanin Imam Shamil. Ina so in karanta shi da Hausa, fassarar da aka ɗauko kai tsaye daga Rashanci, ba a biyo da ita ta Landan ba. Masu buga littattafai na Kano da Zariya, kuna ji?