Kada Mu Mayar da Yaƙin Nukiliya Abin Shewa

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Manzon Allah (SAW) ya hana ɗayanmu nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa ya auka ramin wuta. Bukhari da Muslim suka ruwaito. To ina ga ƙasashen da suka shafe shekaru fiye da 60 suna auna juna da makaman ƙare-dangi? Amurka da Rasha kaɗai ke riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na makaman nukiliyar duniya.

A watan Oktoban 1962, lokacin rikicin Amurka da Tarayyar Sobiyet kan makaman nukiliyar da aka girke a ƙasar Kuba, sojojin ruwan Amurka suka ritsa wani jirgin Tarayyar Sobiyet mai tafiya a ƙarƙashin teku, suna ta jefa masa ƙananan bama-bamai don ya ɓullo. Na ciki sun kwana biyu ba su ji daga Mosko ba, zafi ya ishe su, iska ta gurɓace har wasu na suma. Kyaftin ɗin ya ɗauka yaƙi ya riga ya ɓarke, ya nemi a harba makamin nukiliyar da suke ɗauke da shi. Wani hafsa, Vasili Arkhipov, ya ƙi amincewa, ya yi ta lallashi har aka fito da jirgin sama. Allah ne Ya tsare bayinSa, amma dubi ta hannun wa: mutumin da ya danne zuciyarsa a lokacin da ran kowa ya ɓaci. Shi ya sa Annabi (SAW) ya ce mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa yayin fushi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasunmu ke shewa a Facebook duk sanda aka yi barazanar nukiliya kan yaƙin Yukren. Wani har ya rubuta wai a danna maɓallin harba makamin kawai a huta. Subhanallahi! Bam ɗaya aka jefa wa birnin Hiroshima na Japan ranar 6 ga Agusta 1945, kafin ƙarshen shekarar mutum kusan 140,000 sun mutu, ciki har da jarirai da 'yan makaranta. Wane laifi suka yi? Allah Ya faɗa a Suratul Ma'ida cewa wanda ya kashe rai ɗaya ba da hakki ba, kamar ya kashe mutane ne gaba ɗaya. Yaya kuma mai fatan a hallaka birni guda?

Kuma kada wani ya ce abin yana da nisa da mu. A Hamadar Sahara, can Reggane ta Aljeriya, Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a 1960, har Najeriya ta yanke hulɗa da ita a 1961 saboda waɗannan gwaje-gwajen. Ƙura ba ta san kan iyaka ba.

Ka kame yatsanka daga yaɗa irin wannan magana, ɗan'uwa. In ka yi sujada, ka roƙi Allah Ya sanyaya zukatan masu riƙe da waɗannan makamai, Ya kare raunana a ko'ina suke. Amin.